Ruwan Baƙi a Tungar Bawa

Ni dai tun farko na gaya wa Imrana wannan na'urar tasa za ta ja mana. Ƙanena ne, gyaran sola yake a Kaura Namoda, amma kai kamar dutse. Wai na'urar tana janyo abu daga shekarun baya, daidai wurin da aka girke ta. Irin geron kakarmu yake so, wanda ya ƙone da rumbunmu ranar da 'yan bindiga suka tashi Tungar Bawa, can bayan Katuru.

Da hantsi muka saci hanya zuwa kufan garin. Imrana ya girke na'urar a gurbin rumbu, ya latsa. Damin gero ya bayyana, da mace riƙe da shi, siririya, ba ta wuce ashirin ba. Tsagar kumatunta na gani na gane ta. Kaka Saude ce, wadda muka binne shekara tara da suka wuce.

"Ku su wa ne? Ina mutanen garin ga sunka tahi?" ta tambaya. "Na baro Mamuda yana kwana, bai sha nono ba."

Mamuda babanmu ne. Imrana ya duba batir, ya ce da ni a hankali, "Yaya Mubaraka, minti goma. In ya mutu ba ta komawa."

Sai ga ƙarar babura daga yamma, da yawa. Na san 'yan bindiga ne. Ita kuwa baiwar Allah sai ta aje dami tana waige-waigen randa.

"Baƙi ne, ɗiyata. A tarbe su da ruwa."

Na cafke hannunta. Ta fizge, har da faɗa, wai wace irin tarbiyya ce wannan. Haushi da tsoro suka haɗe mini, na juya ta ta kalli bangon masallaci, duk hudar harsashi.

"Aikin baƙin nan ke nan, Kaka. Mu ɗiyan Mamuda ne. Don Allah ki koma."

Ta dubi bangon, ta dubi fuskar Imrana, ta daɗe. Ta miƙa mini damin, ta taka gurbin rumbu da kanta. Imrana ya latsa, ta ɓace. Muka kwanta cikin ciyawa har baburan suka wuce.

A hanyar Shinkafi, ina bayan Imrana a kan babur rungume da gero, na tuna. Duk ƙuruciyarmu, da Kaka ta ji babur sai ta tattara mu ɗaki ta tokare ƙofa. Ita ta matsa wa Baba lamba har ya dawo da mu Kaura, tun ana zaman lafiya. Mahaukaciyar babur muke ce mata, muna dariya. Ni na raɗa mata sunan.