Baba da Maganin Hawan Jini

Auta ce ta gano Baba ya daina shan maganin hawan jini, don ta tarar da kwalin a kan firiji ko buɗe shi ba a yi ba. Da ta tsare shi, sai ya ce wani abokinsa ya karanta masa takardar da ke ciki, wai maganin yana tare kalsiyam.

"Kalsiyam ba shi ne ƙashi ba? So kike in zube kamar tsohon bango?"

Ta yi bayani har bakinta ya gaji, shi kuwa ya ƙara ƙarar talabijin. Washegari ta lallaɓa shi ya raka ta ɗakin gwaje-gwajen da take aiki. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta kashe fitila, ta sa ɗan faranti ƙarƙashin na'urar da ke ƙara wa abu girma. Ƙwayoyin halitta ne a ciki, irin na bangon jijiyar jini, an ba su rinin da ke haske in ya haɗu da kalsiyam.

"Ni duhu nake gani," in ji Baba.

Ta ɗiga wani ruwa. Nan take ƙwaya ɗaya ta kama haske kore, ta kusa da ita ta karɓa, hasken ya bazu, duk suka tsuke. Baba ya matso da kujera.

"Abin da na ɗiga bai shiga ciki ba, Baba, ƙofa kawai ya ƙwanƙwasa. Wani ɗan aike ne a ciki ya ruga ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam, wani kalsiyam ɗin kuma ya kwararo daga waje. Shi ke ce wa jijiya ta matse. Taku tana matsewa fiye da kima."

Ta canja faranti, ta sa maganinsa tukuna, ta sake ɗigawa. Hasken ya zo a raunane.

"Maganin, ƙofar waje kawai ya rage wa faɗi. Ƙashinku ba ruwansa da shi."

Baba ya daɗe yana kallo.

"Wato duk wannan gulmar a jikina ake yi, ban sani ba? Maido mini na farkon."

Ta maido masa har ya ƙoshi, wata ma'aikaciya da ke jiran na'urar tana ta gyaran murya.

Ya koma shan magani, jinin ya sauka. Daga baya ƙafafunsa suka ɗan kumbura. Wannan karon bai tambayi kowa ba, da kansa ya ce Auta ta kai shi wurin likita, aka rage masa ƙarfin maganin.