Ɓerayen da Suka Ƙi Shiga Damuwa

Tana cikin cusa auduga a keji na goma sha bakwai Farfesa ya banko ƙofa ba sallama, mataimakiyarsa Dakta na biye da shi rungume da kwamfuta.

"Uwar Ɓeraye," ya ce, "me kike yi wa ɓerayena?"

"Abinci nake ba su, ranka ya daɗe." Ta yi wuf ta tura sauran audugar a aljihu.

Shekara tara tana share kejin ɗakin binciken nan, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mijinta, wannan aikin ne ke riƙe da gidan.

Binciken Farfesa ba shi da wuyar ganewa. Akwai wata ƙwayar hawan jini da ake samu a kowane kemis, shi kuma ya haƙiƙance cewa in aka sha ta kafin wahala ta zo, damuwa ba za ta kwantar da mutum ba. Sai dai dole a fara gwadawa a kan ɓeraye, ɓera kuwa ba ya biyan haya, ba shi da surukai, don haka sai an ƙirƙiro masa wahala. Aka manna jadawali a bango. Litinin a jiƙa musu shimfiɗa, Talata a karkata keji, Laraba a bar musu fitila a kunne, Alhamis a sako musu wani ƙaton ɓera mafaɗaci da ma'aikata ke kira Darakta. Rabinsu ana ba su ƙwayar, rabi ruwa zalla. Bayan wata guda a ajiye wa kowa ruwan sukari. Wanda damuwa ta ci ƙarfinsa ko kallon sukarin ba ya yi.

To, 'yan ruwa zalla sun ƙi shiga damuwa. Suna shanye sukarinsu tas, har sun fi masu shan ƙwaya sheƙi.

"Karo na uku ke nan," in ji Dakta. "Gobe masu ba da tallafi za su zo. Me za mu nuna musu? Ɓeraye masu walwala?"

Farfesa ya leƙa kejin, ya zaro audugar da yatsa biyu. "Wannan fa? A jadawalin wace rana take?"

Uwar Ɓeraye ta ga ba mafita, ta faɗi gaskiya. Tana jiƙa shimfiɗar kamar yadda aka ce, amma bayan awa ɗaya takan canza. Ranar fitila takan lulluɓe kejin da tawul. Darakta kuwa, cika masa ciki take yi da safe, yana shiga sai barci. In ba kowa, takan ɗan yi musu waƙa ƙasa-ƙasa.

"Don me?" in ji Farfesa.

"Na ga waɗancan suna da magani, waɗannan kuwa ba su da kowa."

"Shekara uku na zuba a aikin nan! An ɗauke ki ne ki wahalar da su!"

"Ai ina wahalar da su, ranka ya daɗe. In na gama ne nake ba su haƙuri."

Dakta ta ƙura wa kwamfutarta ido, ta yi gyaran murya. "Farfesa, in fa aka duba da kyau, abin da take yi ya fi ƙwayar aiki."

"Sai mu rubuta me? A riƙa shan Uwar Ɓeraye sau biyu a rana bayan an ci abinci?" Ya juya ga Uwar Ɓeraye. "Ki same ni a ofis. Takardar sallamarki zan rubuta."

Ta wanke hannu, ta bi shi tana tunanin yadda za ta faɗa wa maigida.

Ba ta taɓa zama a ofishin ba, ajiye shayi kawai take yi ta fita. Yau da ta tsaya, sai ta ga abin mamaki. Na'urar sanyi na ɗiga, kafet ya jiƙe sharkaf. Kujerarsa ta karkace, ƙafa ɗaya ta gaza. Doguwar fitila na ta ƙyafta ido a kansa da rana tsaka. Waya ta yi ƙara, daga inda take tana jin Darakta na gaske yana zazzaga masa masifa, shi kuma sai "To, Yallaɓai" yake yi. Litinin zuwa Alhamis duk sun haɗu a ɗaki ɗaya.

Ya ajiye wayar, ya buɗe durowa, ya afa biyu daga ƙwayar tasa. Sannan ya buga takardar, ya ajiye ta gabansa, ya ɗauki biro ya tsaya.

Don kada ta tsaya hannu sake, ta haɗa masa shayi yadda yake so, sukari cokali huɗu. Mutumin da kan lashe cokali, yau ko kallon kofin bai yi ba. Ta san wannan alamar sarai, kuma tausayinsa ya kama ta har ta manta da nata.

Ta kashe fitilar, ta yaye labule. Ta sa bokiti inda ruwa ke ɗiga, ta zare igiyar waya. Ba ta ma san ta fara waƙarta ƙasa-ƙasa ba. Bai hana ta ba.

"Ranka ya daɗe, ɗan tashi. A ba ni takarda in tokare kujerar nan."

Ya dubi tebur, ya daɗe yana duba. Sannan ya miƙo mata wadda ke gabansa. Ta ninke ta gida huɗu, ta cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, kujera ta tsaya daram.

Ya zauna, ya jawo kofin, ya kurɓa.

"Ƙaro cokali ɗaya," ya ce.