Ƙosan Zubaida Ba Leda

Akuyar Zubaida ta daina cin dusa, cikinta ya kumbura, kullum sai ƙara ramewa take yi. Da aka ga ba za ta tashi ba, aka kira Nagoggo mahauci ya yanka ta. Yana farka tumbin ya zaro wani dunƙulen baƙar leda da ya kai girman kan jariri.

Zubaida ta gane ledar. Da irinta take ƙulla wa mutane ƙosai a bakin kasuwar Sandamu, su cinye su yar, iska ta watsa ta a gari.

Ta wanke dunƙulen, ta rataye shi a jikin rumfarta. Washegari ta ɗora kasko ba leda ko ɗaya.

Maliki ɗan acaɓa ya tsaya kamar kullum. "Inna, a ƙulla min in wuce."

"Kawo kwano, ko ka zauna ga faranti."

"Haba Inna! Kowa da leda yake sayarwa. Za ki kori masu saye fa."

"Su tafi mana. Duk Sandamu wa ya fi ni iya ƙosai? Yunwa za ta dawo min da su."

Ya ɗaga kai ya ga abin da ke lilo. "Wannan kuma mene ne?"

"Daga cikin akuyata aka ciro shi. Tumakin babarka ma a bolar nan suke kiwo."

Maliki ya kashe babur, ya sauko ya zauna a benci.

"Zuba min a farantin," ya ce.