Ranar Da Moro Ya Je Manchester

Shekara ashirin da shida Moro da Yusha'u suka yi suna tuƙa bas a gareji ɗaya a Birmingham. Moro ɗan zangon Kumasi ne, Yusha'u kuwa Bazazzagi. Yusha'u ne ya sa wa Moro son wasan kurket, don shi tun a makarantar kwana ya koya, har ya zama duk Lahadin bazara Yusha'u yakan sa farar riga ya yi alƙalanci a wasannin unguwa a Sparkhill. Tun da aka shigo da na'urar da ke sake duba hukuncin alƙali, ba su ƙara zama ba tare da musu ba. Moro ya ce ido na ƙarya, na'ura ba ta yi. Yusha'u ya ce ranar da aka fara tuhumar alƙali a gaban jama'a, ranar wasan ya zubar da mutuncinsa.

Cikin hunturu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yusha'u. Moro ya je asibiti sau ɗaya. Ya tarar da bakin abokinsa ya karkace, yana ta nishi kalma ta ƙi fita, yawu na bin haɓarsa. Ya yi masa addu'a a tsaye, ya fito. Da aka sallame shi, 'yarsa Murja ta ɗauke shi zuwa Manchester inda take aiki. Tun daga nan Moro bai je ba. Yau ƙafa, gobe jikoki, jibi sanyi. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba, tsoro yake ji.

Murja ce ta kira shi a watan Agusta.

"Baba Moro, na samu tickets uku, rana ta uku ta Test, babban wasan kurket na ƙasa da ƙasa, a filin Old Trafford. Akwai wurin wheelchair. Idan ba za ka zo ba, ka faɗa mini kawai."

Ya ji kunyar wannan "kawai" ɗin har cikin ƙashinsa. Ranar Asabar ya kama motar safe.

A ƙofar filin ya same su. Yusha'u na cikin keken guragu, an rufe masa gwiwa da bargo, hannun dama a ajiye kan cinya kamar ba nasa ba. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Malam Yusha'u! Mutumina, ya jiki?"

Yusha'u ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya mai da ido wani wajen.

"Yana ji, sai dai maganar ce sai a hankali," in ji Murja. "Wani lokaci ya wuni bai ce komai ba."

Suka zauna. Moro ya shiga surutu don ya rufe shirun: wane ya yi ritaya, an canja hanyar bas a Stratford Road, mai shagon nama na kusa da masallaci ya sayar ya koma Erdington. Yusha'u kuwa idonsa na kan fili. Moro ya soma gaya wa kansa cewa mutumin da ya sani ba ya cikin wannan jikin. Tunanin ya ba shi baƙin ciki, kuma ya ɗan sauƙaƙa masa, don idan haka ne ai ba wanda ya yi kewarsa.

Bayan hutun cin abincin rana, mai jifa na baƙi ya sako wata ƙwallo mai sauri, ta kuɓuce wa katakon mai bugu na Ingila ta daki ƙafarsa daidai gaban turaku ukun da yake tsarewa. 'Yan wasa suka ɗaga hannu suna ihu. Alƙali ya ɗan jinkirta, sannan ya ɗaga yatsa: mai bugu ya fita daga wasa. Mai bugun ya yi shawara da abokinsa, ya yi alamar bai yarda ba, a duba a na'ura.

A gefensu akwai wata tsohuwar Baturiya mai suna Rachel, wadda tun safe take miƙa musu alewa. Ta buga tsaki irin nasu ta ce da Turanci, a zamaninta idan alƙali ya ɗaga yatsa sai mutum ya saɓa katakonsa ya tafi.

Murja ta yi dariya. Ta amsa mata cewa a zamanin nata mutane nawa aka kora bisa zalunci? Ta juyo wurin Moro. "Ko ba haka ba, Baba? Kai ai team technology ne, ɗan goyon bayan na'ura, na sani."

Moro ya buɗe baki zai ce haka ne. Sai ya dubi keken, ya ga ba mai mayar masa da martani. Abin da ya fito daga bakinsa ba nasa ba ne.

"A'a, 'yata. Mutum ya tsaya a rana awa shida yana kallo, sannan a haska kuskurensa a allo a gaban dubban mutane? Alƙali ko ya yi kuskure alƙali ne. Wasan nan haƙuri yake koyarwa. An cuce ka yau, ka haɗiye, gobe a cuci wani a ba ka."

Murja ta kalle shi, don ta san mai waɗannan kalmomin. Tun tana yarinya take jin su a falonsu.

Sai Moro ya ji an damƙi hannun rigarsa. Hannun hagu ne na Yusha'u, da ƙarfin da bai yi zato ba. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Ta... yi... sama."

"Me ka ce?"

"Sama."

Babban allo ya nuna zanen hanyar ƙwallon. Ta daki ƙafa, ta ci gaba, ta tsallake kan turakun da kamar faɗin yatsa biyu. Fili ya ɗauki sowa. Alƙali ya haɗa hannuwa a ƙirji ya janye hukuncinsa, mai bugu ya koma wurinsa. Rachel ta leƙo ta tambayi Murja, me mahaifinta ya ce? Da aka fassara mata sai ta dafa kafaɗarsa tana jinjina kai.

Moro bai yi sowa ba. Daga wannan nisan, da wannan jikin, mutumin ya ga abin da alƙalin da ke tsaye a wurin bai gani ba. Ashe yana nan ciki gaba ɗayansa. Kuma Yusha'u bai saki rigar ba. Ya ja numfashi, ya sake tattaro harshensa.

"Wata... takwas."

Wata takwas ke nan rabonsa da ganin Moro. Murja ta tashi ta ce za ta sayo shayi.

Moro ya nemi uzuri ko ɗaya a cikin waɗanda ya tara, duk suka ƙi zuwa. Ya durƙusa a gefen keken, gwiwoyinsa na ƙara.

"Tsoro na ji, Yusha'u. Na gan ka a gadon nan na kasa. Ba ni da abin faɗa. Ka yafe mini don Allah."

Yusha'u bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren fuskar da ba ya motsi. Moro ya zaro hankicinsa ya share masa, ya share haɓar ma, abin da ya kasa yi a asibiti.

Wajen ƙarfe uku ruwa ya sauko, aka jawo rufi aka lulluɓe tsakiyar fili. Ba a koma wasa ba ranar. Moro ne ya tura keken har wurin mota, Murja na riƙe musu lema.

Daga nan duk bayan mako biyu yake zuwa. Yakan zauna ya karanta masa jarida, ya yanke masa farce, wani lokaci su wuni ba wanda ya ce uffan. Sau biyar ya je. Ran zuwa na shida, cikin Nuwamba, yana tsaye a tashar bas a Sparkbrook da ledar waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, da matarsa Fulera ta dafa wa mara lafiya, wayarsa ta yi ƙara. Murja ce. Ta ce Allah ya yi masa rasuwa bayan sallar asuba, kuma bai wahala ba.

Moro ya yi salati, ya ce mata yana hanya. Bas ɗin ya zo, direban wani yaron garejinsu ne na da, ya gaishe shi da fara'a. Moro ya ɗaga masa hannu, ya wuce can baya ya zauna, ledar tana kan cinyarsa da sauran ɗuminta.