Zalɓen Bayan Masana'anta

Tun da ya ajiye tuƙin babbar mota, ba shi da aiki sai zaman bakin tafkin da ke bayan masana'antar fenti da tsohuwar kyamararsa, har 'yan unguwa suka laƙaba masa Mai Tsuntsaye. Ya san wace balbela ce mafaɗaciya, ya san inda agwagin ruwa ke kwana. Shi ya fara lura ruwan ya sauya kala, kifi na tasowa ciki a sama.

Ya kai ƙara ofishin kula da muhalli, aka ce ya kawo hujja. Ya yi ta zaman jira har Allah ya ba shi ita. Wani zalɓe ne tsaye, ƙirjinsa ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, fiffike ɗaya ya manne a jikinsa, matattun kifi sun kewaye shi, ga bututun masana'antar a bayansa yana aman jan ruwa. Nan take ya ɗauki hotonsa. Ba a jima ba maganar ƙarar ta kai kunnen masu masana'antar, suka binne bututun. Zalɓen kuwa ba a sake ganinsa ba.

Mijin 'yarsa mai shagon hoto ne, gwanin gyara a kwamfuta. Bangon shagon cike yake da amare, kowace fuska sumul kamar ƙwai, ba ƙurji ba tabo. Tsohon ya miƙa masa katin kyamarar.

"Na ƙarshen nan nake so ka fitar mini a babbar takarda. Ofis zan kai."

"An gama, Baba. Ai aikinka ba ya bin layi."

Ranar da zai je ofishin ya biya ta shagon ya karɓa. Surukin ya zaro hoton daga ambulan yana murmushi, ya shimfiɗa a kan tebur. Zalɓe tas, gashinsa na sheƙi. Ruwa shuɗi, har da inuwar gajimare a ciki. Inda bututun yake, ciyawa ce kore shar.

Mai Tsuntsaye ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan tsuntsun wane ne?"

"Naka mana, Baba. Wallahi ya ba ni wuya. Ƙirjin nan kaɗai sai da na aro gashi daga wuyansa na lilliƙa. Kifayen nan ɗaya bayan ɗaya na tsince su."

"Bututun fa?"

"Ya ɓata bayan hoton. Ka ce ofis za ka kai, zan bari ka shiga gaban manya da ƙazanta? A ce surukin wa?"

"To. Ba ni na asalin."

Murmushin ya ɗan ragu. Ya ce a kan na asalin ya yi aikin, ya adana. Haka yake yi kullum, don babu amaryar da ta taɓa dawowa neman ƙurajenta.

"Katin fa?"

"Ya cika maƙil, Baba. Na kwashe komai na zuba a kwamfuta, na goge maka shi ya koma sabo." Ya juya ya danna nan, ya danna can, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. "Sauran duk suna nan. Wannan ɗayan ne kawai..."

Da ɗan cikin tsohon ne, da ya sha zagin da zai ishe shi shekara. Amma mijin 'ya ne, uban jikokinsa, ga shi ya ƙi karɓar ko sisi.

"Zan iya mayar da bututun," in ji surukin da sauri. "In zana maiƙon, in sa jan ruwa. Ba wanda zai gane."

"Wato in kai musu ƙarya don in faɗi gaskiya."

"Ai kowa haka yake yi yanzu, Baba."

"Sannu da aiki," in ji tsohon, ya ɗauki ambulan ya fita.

A ofishin, jami'in ya saurare shi yana wasa da biro. Tsohon ya faɗi komai da baki: maiƙon, kifin, warin da ke hana numfashi.

"Baba, mun tura mutum, bai ga bututu ba. Hujjar da ka ce za ka kawo fa? Mene ne wannan a hannunka?"

Bai so bayarwa ba, amma hannun jami'in ya riga ya kai. Ya zaro hoton, ya ɗaga shi wajen taga, ya yi fito.

"Kai! Wannan a garin nan? Ku zo ku gani!" Ma'aikata biyu suka leƙo suna yabawa. "To Baba, in haka tafkin yake, ƙarar me ka kawo?"

"Gyara shi aka yi. Ba haka na ɗauka ba."

"Duk masu hoto haka kuke cewa in an yaba muku." Ya rufe fayil ɗin, ya tura shi gefe. "Ka bar mana wannan. Daidai bangon ɗakin taro."

Kafin Mai Tsuntsaye ya kai ƙofa, ya ji ana aiken masinja ya nemo ƙusa.