Ɗan Garuwan da Ba Ya Zuwa Ran Litinin

Salmatu mai shinkafa da wake ce a bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi. Mijinta direba ne, sai ya yi kwana goma bai leƙo gida ba. Gidan daga ita sai ɗiyarta Fati, 'yar shekara goma sha ɗaya, sai ƙannenta biyu.

Ko'ina an san namiji ba ya shiga gidan matan aure, amma ɗan garuwa na shiga. Zai yi sallama, a ce shigo, ya juye ruwa ya fita. Da tsohon mai ruwansu ya koma gona, sai wani Rabe ya fara kawowa, wai daga Gangara ya zo. Ga ladabi, kansa kullum a ƙasa.

Abin da ya fara tsaya wa Salmatu a rai, randar ruwa tana nan bakin zaure amma shi sai ya wuce can ciki wajen durom ɗin da ke jikin makewayi. Ta ce masa, "Malam, ga randa nan."

"Hajiya, don in rage miki wahala ne."

Sai kuma ta lura ba ya bin hanyar Islamiyyar 'yan mata, ga ta kusa, sai ya zagaya da kura cike da jarkoki yana haki. 'Yan uwansa 'yan garuwa na tsallaka shingen iyaka su sayar wa direbobin can ɓangaren, inda ruwa ya fi daraja, shi ko kusa ba ya zuwa. Ran Litinin kuwa ko da ƙishi zai kashe unguwa ba a ganinsa sai azahar.

Ta yi istigfari, don ta san zato zunubi ne. Ta idar da salla zaton na nan inda ta bar shi.

Wata Litinin ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, ta zura hijabi ta bi shi daga nesa. Ya shiga wani ɗan ofishi kusa da kotu, bai jima ba ya fito yana goge ɗan yatsa a jikin riga. Salmatu ta jira ya sha kwana, ta shiga. Wadda ke zaune a tebur ashe Madam Rifkatu ce, mai sayen abinci wurinta.

"Maman Fati! Yau shinkafar ce ta biyo ni ofis?"

"Ba shinkafa ba, Madam. Wanga da ya hita yanzu, mi ya kawo shi?"

"Mutane da yawa na zuwa nan."

"Wanga dai cikin gidana yake shiga kullum, har bakin makewayi."

Rifkatu ta ajiye biro. "Gidanki? Da wane dalili?"

"Ruwa yake kawo muna."

Madam ta tashi ta tura ƙofa. Ta ce an yi shari'arsa a bainar jama'a, ba asiri ba ne. An kama shi ya huda katangar maƙwabta yana leƙen yara mata. Alƙali ya ba shi shekara ɗaya gidan yari. Da ya fito aka ce duk Litinin ya zo ya dangwala hannu har shekara biyu, kada ya kusanci makarantar 'yan mata, kada ya tsallaka iyaka.

"Kuma bai taɓa fashin zuwa ba," in ji ta. "Na tambaye shi sana'a, ya ce tura kura. Ni a unguwarmu a ƙofa ake ajiye ruwa. Wallahi ban kawo shiga gida a raina ba."

"To mu har ƙuryar gida suke kai shi."

Tare suka je wurin Malam Zunnuraini, shugaban 'yan garuwa, wanda ya ba Rabe kura. Yana zaune gindin bedi kusa da rijiyar burtsatse. Da ya ji zancen bai ko girgiza ba.

"Na sani. Kawunsa ya hwaɗa min. Amma yaron ya tuba, ya rantse gaban liman. A tona masa asiri ya ci mi?"

"Baba, tuba tsakaninsa da Allah ne, kuma Allah ya karɓa," in ji Salmatu. "Amma da ka sani, gidanka ka tura shi ko nawa?"

Tsohon ya sosa gemu. "Ni ɗiyana duk sun yi aure."

"Ka gani ko?"

Rifkatu ta ce yau za ta rubuta wa alƙali a ƙara masa sharaɗin shiga gidaje. Kafin nan a karɓe kura. Malam Zunnuraini ya yi ta gunaguni, daga baya ya ce zai kai shi tasha dakon albasa, can duk ƙatti ne.

Da Fati ta dawo makaranta, uwar ta zaunar da ita ta ba ta abinci, ta bari sai da ta kusa cinyewa.

"Fati, mai ruwan nan ya taɓa yi miki magana?"

"A'a, Inna." Ta ɗan tauna. "Sau ɗaya dai ya tambaye ni ƙarhe nawa kike dawowa daga bakin iyaka."

"Kika ce mi?"

"Na ce ban sani ba. Na yi laihi?"

"Ba ki yi ba. Allah ya yi miki albarka. Duk wanda ya sake yi miki irin wagga tambaya, ko wane ne, ki hwaɗa min nan take."

Salmatu ta ƙirga da yatsu gidajen da Rabe ke kai wa ruwa a layin. Takwas, kuma biyar akwai 'yan mata. Ta san wasu za su ce ta cika baki, ta hana bawan Allah neman halal. Ta ce wa Fati ta saka sakata kada ta buɗe wa kowa, ta fita, ta yi sallama a gidan farko.