Murmushin Rimma Kuzminichna

Ƙarar ta fara ne da almuru, daga bayan bangon ɗakina, kamar ana matse kyanwa a cikin bargo. Ni mutum ne mai tara ƙararraki. Ina da littafi da nake rubuta kukan bututun ruwa da na ƙofofin gidanmu, amma wannan ban taɓa jin irinta ba. Na zura silifa na je na ƙwanƙwasa.

Maƙwabciyata Rimma Kuzminichna ta buɗe, da madubi a hannunta.

"Me kake so, Yefim Lukich?"

"Na ji kamar wani abu yana mutuwa."

"Dariya nake koyo. Je ka ɗauko ƙamus ɗinka na Turanci. Ka rufe min ƙofa, sanyi."

Shekara talatin da ɗaya tana zaune a kujera ɗaya a gidan tarihin garinmu, tana gadin ɗakin tsofaffin tukwanen shayi. Aikinta magana ɗaya ce: "Kar a taɓa." Ko murfi bai taɓa fashewa a gabanta ba. Sai wani ɗan Ingila ya jingina da gilashi, ta faɗa masa, shi kuma ya rubuta kalma guda a kanta cikin littafin baƙi. Sabon darakta, mai warin turare kamar shagon aski, ya ba ta wata ɗaya: ko ta koyi sakin fuska, ko ta bar kujerar.

Aji biyar na yi a makaranta, amma ina iya bin haruffa da yatsa. Na nemo kalmar.

"An ce mai kaushin magana. Mai yanke zance a taƙaice."

"Shi ke nan? Ba ɓarauniya ba?"

"A'a. Ga misali ma: likita ya amsa masa da kaushi."

"Likitan kirki ke nan," in ji ta. "Mutanen da ke washe baki ga wanda ba su san sunan ubansa ba, su ne za su koya min ladabi?"

Amma ta koya. Ina kuma za ta zauna in ba can ba? An ɗauko wata mata daga Mosko, ta jera tsofaffin masu gadi shida, ta sa kowace ta ciji fensir a kwance na minti goma don kumatu su saba. Rimma Kuzminichna ta riƙa yi har a gida. Na taɓa shiga aron gishiri na same ta tana yanka kabeji da fensir a baki, idanunta kamar na alƙali.

"In ka yi dariya," ta ce ta cikin haƙora, "da wuƙar nan zan raka ka."

Da wata ya cika, darakta ya tsaya ya kalle ta tana gaida baƙi. Ya ce gara ma fuskarta ta dā. Aka liƙa kyamara a kusurwar ɗakin, aka fitar da kujerar.

Na gamu da ita a matakala, ta rungumo ɗan matashin da take zama a kai.

"Yaya aka yi?"

"Matsa min."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kwana goma sha biyu bayan haka zuciyarta ta tsaya, tana zaune a gaban taga da rigar aikinta.

Aka ajiye akwatin gawa a buɗe a ƙofar gida, kan kujeru biyu, don maƙwabta su yi sallama. Darakta ya zo da furannin roba. Ya ce marigayiya mace ce mai fara'a, hasken gidan tarihi. Waɗanda kan ce a layin sayen burodi ta cika baƙin rai duk suka gyaɗa kai, suna tunanin abincin da za a ci bayan binnewa.

Masu shirya gawa ba su san ta ba. Sun shafa mata hoda, sun ɗaga gefen bakinta sama kaɗan, yadda suke yi wa kowa.

Zoya Fominichna, tsohuwar da ke hawa na ɗaya, ta sunkuya za ta sumbaci goshinta, sai ta dakata. Ta gyara tabarau. Dusar ƙanƙara na sauka sannu a hankali kan furannin.

"To, wa take yi wa murmushin?" ta tambaya.